Kalmar "palliative": tambayoyi da amsoshi kan ma'anarta, asalinta da yadda ake aiki da ita

Akwai kalmomin Turanci da ba su jira an koyar da su a aji ba, rediyo ce ta kai su har tsakar gida. *Palliative* na cikinsu. Yau tsohuwar da ba ta taɓa shiga boko ba a ƙauyukan Auyo ko Kafin Hausa ta san "faliyatib", kuma in ka tambaye ta za ta ce maka ai shinkafa ce da taliya da ake rabawa a sakatariya ko ƙofar gidan mai unguwa. Ɗaliban da nake koya wa Turanci a sakandare su ma haka suka ɗauka, sai ranar da kalmar ta fito musu a jarrabawa da wata fuska daban. Ga tambayoyin da aka fi yi mini a kanta, wasu daga ɗalibai, wasu daga iyayensu a majalisa bayan la'asar.

Malam, mece ce ainihin ma'anar kalmar?

Abin da ke sassauta zafin ciwo ko tsananin wata wahala, amma bai taɓa tushen matsalar ba. Sharaɗi biyu ne, kuma sai sun haɗu: ya kawo sauƙi, kuma bai warkar ba. Mai ciwon haƙori da ya haɗiyi farasitamol cikin dare ya samu ya runtsa, ya sha *palliative*. Kogon haƙorin yana nan, gobe da yamma zafin zai dawo ya same shi. Cikewa ko cirewa a asibiti shi ne magani na gaskiya, kuma Turanci na da kalma daban ta wannan, wato *curative*, mai warkarwa.

Daga bakin likitoci ne kalmar ta fita zuwa harkar mulki da tattalin arziki, inda ake kiran duk wani mataki na wucin gadi da ita. Ma'aikatan gyaran hanya da kuke gani suna zuba ƙasa da tsakuwa a ramukan titi kafin sallah, a takardarsu *palliative repairs* suke rubutawa. Su da kansu sun san ruwan farko na damina zai kwashe aikin.

To, ba kayan rabon gwamnati ake nufi ba ke nan?

A Najeriya shi aka fi nufi yanzu, amma ma'ana ce da ta tsiro a nan gida, kuma ana iya bin sawunta.

A ranar 1 ga Janairun 2012 gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa kimanin 141. Ƙasa ta ɗauki zafi, aka yi zanga-zanga har a Kano, gwamnati ta sanar da motocin bas 1,600 don sauƙaƙa sufuri, daga baya ta dawo da farashin naira 97. Jaridun Turanci sun kira irin waɗannan matakai *palliatives*, amma a lokacin kalmar ba ta wuce bakin 'yan jarida da 'yan ƙwadago ba.

Korona ce ta sauko da ita ƙauye. A ƙarshen Maris na 2020 aka kulle Legas da Ogun da Abuja, a watan Afrilu kuma kulle ya iso Kano. Gamayyar manyan 'yan kasuwa da bankuna da ake kira CACOVID, wadda Aliko Ɗangote ke sahun gabanta, ta sayi abinci don a raba wa jihohi. A watan Oktoban shekarar, bayan zanga-zangar EndSARS, jama'a suka fasa rumbunan ajiya a Legas da Jos da Kaduna da wasu garuruwa, bidiyon mutane ɗauke da buhuna ya zaga wayoyi. Tun daga nan, in an ce faliyatib, buhu ne ke zuwa wa mutum a rai.

Sai 29 ga Mayun 2023, ranar da Bola Tinubu ya karɓi rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Lita da ake saye ƙasa da naira 200 ta kai kusan 500 ko fiye cikin 'yan kwanaki. A watan Agusta aka sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha da Abuja, wani ɓangare kyauta wani bashi, tare da tireloli biyar na shinkafa. Daga baya aka zo da shirin ba wa magidanta miliyan 15 naira 25,000 a wata har tsawon wata uku, da ƙarin naira 35,000 ga ma'aikatan tarayya. Duk faliyatib aka kira su.

Ban ce wannan amfani kuskure ne ba. Waɗanda suka zaɓi kalmar sun zaɓi daidai, don buhun shinkafa ba ya sauke farashin mai. Abin lura shi ne iyakarta. In ka rubuta wa Bature a Ingila cewa mahaifiyarka na karɓar *palliative*, ba zai taya ka murna ba, jaje zai yi maka, don zai ɗauka tana kwance da ciwon da likitoci suka ce ba ya warkewa.

Daga ina ta samo asali?

Daga tufafi. A harshen Latin na Rumawan da, *pallium* mayafi ne, ƙyalle mai kusurwa huɗu da ake yafawa a kafaɗa. Rumawa na kallonsa a matsayin shigar Girkawa da masana falsafa, su kuwa 'yan ƙasa masu ji da kansu suna da tasu rigar da ake kira *toga*. Daga sunan mayafin aka samu aikatau *palliare*, wato a yafa wa abu mayafi, a lulluɓe shi. Latin ta ƙarnonin tsakiya ta ƙera *palliativus*, Faransanci ya ɗauka ya mai da ita *palliatif*, Turanci kuma ya aro daga nan.

Ta hanyar littattafan likitanci ta shiga. Wani likitan Faransa mai suna Guy de Chauliac, wanda ya yi wa Fafaroma aiki a birnin Avignon, ya rubuta babban littafi kan tiyata a 1363. An mai da shi Turanci a farkon ƙarni na 15, kuma a irin waɗannan rubuce-rubuce ne aka fara ganin kalmar. Wato ta riga hawan Muhammadu Rumfa karagar Kano a 1463 da shekaru masu dama. Likitocin wancan zamani sun rarrabe jinya iri biyu: wadda ke tumɓuke cuta, da wadda ake yi wa ciwon da ya fi ƙarfinsu, irin kuturta da daji, a rufe miki, a rage wari da zafi, mara lafiya ya samu ya rayu da abinsa.

Mayafi kuwa aiki biyu yake yi. Yana kare mutum daga sanyi, yana kuma ɓoye abin da ba a so a gani. Kalmar ta gaji duka biyun, kuma wannan ne ya sa har gobe take ɗauke da ɗan zargi a cikinta. Abin da ya lulluɓe ciwo ya taimaki mai ciwo, amma kuma ya sa masu wucewa sun daina ganin ciwon.

Shi kansa *pallium* bai ɓace ba. A cocin Katolika sunan wani farin ƙyallen ulu ne da Fafaroma ke bai wa manyan limaman da ke shugabantar lardi, suna ratayawa a wuya.

Akwai wata kalma da muka sani da ta fito daga tushe ɗaya?

Akwai, kuma kuna shanya shinkafa a kanta. Daga *pallium* Turanci ya samu *pall*, ƙyallen da ake rufa wa akwatin gawa, shi ya sa suke kiran masu ɗaukar gawa *pallbearers*. Masana asalin kalmomi na ganin daga nan ne *tarpaulin* ta fito, wato ƙyallen rufi da aka shafa wa kwalta don kada ruwa ya ratsa, irin wanda ma'aikatan jiragen ruwa ke rufe kaya da shi. Ita ce Bahaushe ya lanƙwasa ta koma tamfol. Ashe tamfol da faliyatib dangi ne.

An ce za a mai da ɗan'uwanmu sashen "palliative care". Likitoci sun sallama shi ke nan?

Wannan tambaya ta fi sauran nauyi, kuma wani dattijo ne ya kawo mini ita da takardar asibiti a hannunsa. Na ce masa, Baba, ba sallama ba ce, kuma ba kora ba ce.

Fanni ne na likitanci mai zaman kansa, aikinsa kula da wanda ke fama da ciwo mai tsanani: daji, ciwon ƙoda ko zuciya da ya yi nisa, shanyewar ɓarin jiki, da makamantansu. Ana rage masa zafi, a magance amai da sarƙewar numfashi da rashin barci da gyambon kwanciya, a saurari fargabarsa, a kuma koya wa masu jinya yadda za su juya shi da ciyar da shi. Gaskiya ne yawanci ana tura mutum can ne idan warkewa ta yi wuya. Amma ana iya fara wannan kulawa tun ana tsaka da neman magani, su tafi tare. Abin da ya kamata iyali su yi shi ne su tambayi likita ƙarara: ana ci gaba da maganin cutar, ko sauƙi kawai ake nema yanzu? Haƙƙinsu ne a gaya musu.

Tarihin fannin bai da tsawo. Wata Baturiya, Cicely Saunders, wadda ta yi aikin nas kafin ta zama likita, ta buɗe gidan jinya na St Christopher a Landan a 1967 don masu ciwon ajali. Ta nace a kan cewa a riƙa bai wa mara lafiya maganin zafi a kan lokaci, kada a jira sai ya fara ihu. Wani likitan tiyata ɗan Kanada, Balfour Mount, ya je ya ga aikinta, ya koma ya buɗe sashe irinsa a asibitin Royal Victoria da ke Montreal a 1975. Shi ya raɗa sunan *palliative care*, saboda kalmar *hospice* da ake amfani da ita a Ingila, a kunnen masu jin Faransanci na yankinsa tana nufin gidan ajiye gajiyayyu. Birtaniya ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa a 1987. A Afirka, likita Anne Merriman ta kafa Hospice Africa a Yuganda a 1993, ta kuma yaɗa amfani da ruwan mofin, wani maganin rage zafi mai ƙarfi, mai araha da mara lafiya ke sha a gida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar wannan kulawa duk shekara, kuma kashi 14 cikin 100 kacal ke samu. Mu nan ƙauye mun san abin da wannan ke nufi ba sai an karanta mana ba: a ce "ku koma gida ku ci gaba da addu'a", a dawo da mutum a kwantar a ɗaki yana nishi har asuba. Addu'a wajibi ce, amma neman abin da zai rage masa zafi ba ya cin karo da ita. A wannan fage kaɗai ne kalmar ba ta da ko ɗigon zargi.

Mene ne bambancinta da "subsidy" da "relief"? Mu duk tallafi muke ji a rediyo.

Haka ne, "tallafi" ta haɗiye su duka, shi ya sa ake rikicewa.

*Subsidy* kuɗi ne da hukuma ke biya don kaya su iso wa mai saye ƙasa da ainihin farashinsu. In buhun taki ya zo maka da rangwame saboda gwamnati ta biya wani kaso, shi ne. Ba a miƙa maka komai a hannu, a farashi kake ganinsa. Asalinta ma daga fagen yaƙi ne: *subsidium* a Latin dakarun da ke zaune a baya ne, ana kiransu in gaba ta yi zafi.

*Relief* agaji ne bayan bala'i. Tabarmi da barguna da gidan sauro da aka kai wa waɗanda ambaliyar 2022 ta kora zuwa azuzuwan makarantu a Jigawa, agaji ne.

*Palliative* kuwa ba ta gaya maka irin kayan ba, hukunci take yankewa a kansu, cewa za su rage zafi amma ba za su kawar da shi ba. Don haka abu ɗaya na iya amsa suna biyu. Abin da ya faru a 2023 a taƙaice shi ne an cire *subsidy*, aka kawo *palliative*.

Yaya ake furta ta, yaya kuma ake rubuta ta?

Nauyin murya a gaɓar farko yake: PA-li-ya-tib, ba pa-li-YE-tib ba. Sautin farko, *p*, a haɗa leɓɓa a sake su, na ƙarshe kuma *v* ne a Turanci, haƙoran sama su taɓa leɓen ƙasa. A hira da Hausa ka ce faliyatib abinka, ba wanda zai ci ka tara. A rubutu, *l* biyu ne, kuma akwai *i* kafin *a*. Nan ɗalibai ke zubar da maki.

Ta yaya zan sa ta a jimla?

Tana zuwa a matsayin sifa, tana kuma zuwa a matsayin suna. A sifa: *The council took palliative measures after the flood*, wato ƙaramar hukuma ta ɗauki matakan rage wahala bayan ambaliya. A suna: *The cash transfer is only a palliative*, wato kuɗin da ake turawa sassauci ne kawai. Ku lura da *only* a nan. Masu harshen sukan raka kalmar da *only* ko *mere* ko *at best*, duk don nuna abin bai kai ba. In za a ambaci matsalar, *for* ke biyo baya: *a palliative for unemployment*.

Aikatau ɗinta *palliate* ne, kuma yana da ma'ana ta biyu da 'yan SS3 ya kamata su riƙe, wato rage wa laifi muni ta hanyar kawo uzuri. *He tried to palliate his offence* na nufin ya yi ƙoƙarin yi wa laifinsa kwaskwarima. Tsohon mayafin nan ne ya sake leƙowa.

Abin da ba a cewa shi ne *palliative* ta warkar ko ta kawo ƙarshen wani abu. Wanda ya rubuta *a permanent palliative that will end poverty* ya tufka ya warware a jimla ɗaya.

In ta fito a JAMB ko WAEC fa?

In an nemi mafi kusa da *palliate* a ma'ana, nemi *alleviate*, *mitigate*, *ease* ko *soothe*. In kishiya aka nema, *aggravate* ko *exacerbate*, wato tsananta. Kishiyar sifar kuma *curative*.

Tarkon da aka saba ɗanawa shi ne *panacea*. Dukkansu da *pa* suka fara, dukkansu na da alaƙa da magani, amma hannun riga suke. *Panacea* daga Girkanci take, sunan wata abar bautarsu ta waraka, kuma tana nufin maganin kowace cuta, irin wanda mai lasifika ke tallatawa ranar kasuwa, kwalba ɗaya ta basir da shawara da sanyin ƙashi. Akwai kuma *placebo*, ƙwayar da ba sinadarin magani a cikinta, wadda ake bai wa wasu a gwajin sabon magani don a kwatanta. Ita *palliative* magani ce ta gaske mai aiki, aikin ne ke da iyaka.

Kalmar yabo ce ko ta suka?

Ya danganta da bakin da ta fito. A bakin likita bayani ce tsagwaronta. A bakin marubucin jarida ko ɗan adawa kusan kullum suka ce. Abin mamaki a wurinmu shi ne yadda ake buga ta da manyan haruffa a jikin buhu da allon taro, a kira maroƙa da masu hoto, alhali kalmar da kanta tana shaida cewa ciwon na nan. Ni dai ina ganin gara a ci gaba da amfani da ita, don ta fi "kawar da talauci" gaskiya. Kuma wanda ya kwana biyu tukunyarsa ba ta hau wuta ba, ba zai tsaya muhawarar asalin kalma ba in an miƙo masa kwano biyu na masara. Da babu gara ba daɗi. Abin da sanin ma'anar ke ƙara wa mutum shi ne ya karɓa ya yi godiya, sannan ya tambayi inda aka kwana kan maganin.

Me za mu ce da Hausa?

Kafafen yaɗa labarai sun daidaita a kan "kayan rage raɗaɗi" ko "tallafin rage raɗaɗi", kuma fassara ce mai kyau, don "rage" ta riƙe sharaɗin nan na biyu. In gyara ake magana, "na wucin gadi" ya wadatar. In suka kake son yi, "rufa-rufa" ko "kwaskwarima". A asibiti, "kulawar sauƙaƙa wa mara lafiya".

Za mu rubuta wa hukuma takarda da Turanci kan ambaliya. Mu roƙi "palliative"?

Sakataren wata ƙungiyar manoma ne ya yi wannan tambaya, kuma amsar ita ce ku fara yanke shawarar abin da kuke so.

Ambaliyar kwarin Haɗeja tana da sanadi da kowa ya sani. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974 da na Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin ta sauya. Da can kogi kan ja baya sosai da rani, yanzu akwai ruwa kusan duk shekara, ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru suka cike cikin kogi. In damina ta yi ƙarfi, ruwa ya rasa hanya sai ya bi gonaki da gidaje. Buhunan ƙasa da matasa ke jerawa cikin dare a bakin jinga, da abinci da tabarmi da ake kawowa bayan ruwa ya ci gari, duk suna ceton rai, kuma duk na wucin gadi ne. Yashe kogi, cire kacalla a kai a kai, gina jinga mai ƙarfi da daidaita sakin ruwa daga dam, su ne ke taɓa tushe.

In kun rubuta *we appeal for palliatives*, jami'in da ya karanta zai fahimci abinci kuke nema, kuma in ya turo buhu hamsin ya biya buƙatarku a rubuce, fayil ya rufu. Don haka ku raba takardar gida biyu. A sakin layi na farko ku nemi *immediate relief*, ku faɗi yawan gidajen da suka rushe da kadadar da ruwa ya cinye, da abin da kuke buƙata yanzu, har da irin shuka na noman rani. A na biyu ku nemi *a lasting solution*, ku ambaci aikin da sunansa: *dredging* shi ne yashe kogi, *embankment* ita ce jinga. Ku faɗi daidai wurin da ruwa ke ɓallewa duk shekara. Dagaci ya sa hannu, a kai kwafi ga hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, ku kuma riƙe naku kwafin da aka buga wa hatimin karɓa.